Wuyan da Ban Kalla Ba

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a kira ni sai ta ce "wancan", in ranta ya ɓaci ta ce "mutumin nan". Ba ta zama inda nake zaune, ba ta cin abinci a gabana. In na shigo tsakar gida tana aiki, sai ta ja mayafi ta rufe kai da kafaɗa, ta juya gefe. Ni ma haka na tashi. In zan gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa. A garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin rashin ƙauna. Kunyar ɗan fari ce. Matan yanzu da yawa sun sassauta ta, amma Inna ta riƙe tata yadda ta gada.

Bayan rasuwar Baba mu uku muka rage a gidan: ni, da Inna, da Goggo, yayar Baba, wadda idonta ya fara yin yana. Ƙannena duk sun yi aure ko suna makaranta a birni. Goggo ce 'yar aikenmu. Ko da ni da Inna muna tsaye taku biyar tsakaninmu, ta bakinta magana take bi.

Aikin gona na karanta a jami'a, ba likitanci ba. Ina yawan maimaita wannan, domin a gidanmu duk wanda ya yi digiri likita ne, lauya ne, kuma mai gyaran waya. Da na gama bautar ƙasa na dawo gida na kama koyarwa a wata ƙaramar makaranta, sai aka miƙa mini kula da ciwon sugan Inna. Ta yi shekaru da shi, ƙwaya ɗaya take sha da safe, bai taɓa tayar mana da hankali ba. Na sayi na'urar gwaji don kawai in ji na yi abin da ya kamata.

Kullum da safe, kafin ta karya, nakan tsuguna a ƙofar ɗakinta. Sai ta miƙo hannu ta gefen labule. In goge yatsan, in tsira allura, in ɗiga jinin, in jira lamba. Ita tana ciki, ni ina waje. Na san yatsun nan fiye da nawa: kaushin da itace ya yi musu, da tabon ƙuna a gefen babban yatsa.

Sana'ar Inna turara shinkafa ce. Manoma da 'yan kasuwa kan kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta jiƙa, ta turara a durom, a shanya a tamfol, sannan a kai inji. Bayan girbin damina bayan gidanmu ba ya rabuwa da hayaƙi. A daidai lokacin, in ban manta ba, lambar ta fara hawa.

Da farko na zargi na'urar. Na canza batir, na sayi sababbin tsinkayen gwaji, na gwada kaina sau biyu don in gani. Nawa daidai. Nata kuwa yau ya hau, gobe ya ƙara, jibi ya ɗan sauko kamar zai ba ni haƙuri, gata ya wuce na jiya. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina tuna lambar safe. In an tashi tara in hau babur in koma gida in sake gwadawa, in dawo a makare.

Na kai ta asibitin da ke kusa da mu. Tana cikin dogon hijabi, ta zauna a gefen benci tana kallon bango, ni na yi duk bayanin. Ma'aikacin ya tambaye ni abin da take ci. Na ce ina jin tana kiyayewa, amma ban tabbata ba. Ya ce yawanci a nan matsalar take, ya ƙara mata ƙwaya ta biyu, ya ce a sa ido a kan abinci. Ban ga laifinsa ba. Abin da na kai masa shi ya duba.

Sai na sa ido. Na hana shinkafa. A ƙasar Kura, a gidan da ake turara buhu-buhu, na hana mai turarawar cin loma ɗaya. Na sa aka koma tuwon alkama, shi ma ɗan ƙulli, da wake da zogale. A wajenmu manomi ba ya wuce gidan da aka yi rashin maigida da kayan gona a bayan babur bai tsaya ba. Wannan ya ajiye kankana, wancan ɗanyar masara, wani dankali ko rake. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su daina. Wani dattijo, abokin Baba, ya dube ni ya ce, "To, Malam, mun ji. Tumatir fa, shi ma sai da takarda?" Na ce tumatir ba laifi, ina jin. Ya yi dariya ya tafi. Daga ranar bai ƙara tsayawa ba, ko da tumatirin.

Lambar ba ta sauka ba.

Abubuwan da na lura da su a watannin nan suna da yawa, kuma kowanne na samo masa dalili. Tafin hannunta kullum da ɗumi da danshi, ko a tsakiyar sanyi lokacin da kowa yake neman rana. Na ce wutar durom ce. Yatsan yana rawa a hannuna, har wani lokacin sai na riƙe shi da ƙarfi kafin in tsira. Na ce tsoron allura ne. Daga baya, Allah ya yafe mini, na ce rashin gaskiya ne. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Na ce suga ne yake cinye ta, kuma suga ba ya hawa sai an ba shi abin hawa.

Wata rana da azahar na dawo ba a lokacin da na saba ba. Daga zaure na hango bayanta a bakin murhu. Ta tsuguna, ta kifa kai cikin tukunyar da aka dafa wa masu shanya abinci, tana kankare ƙanzo da cokali tana turawa a baki da sauri, tana waige. Ban taɓa ganin Inna tana cin abinci ba sai ranar. Na koma da baya a hankali, na tsaya a waje har na ji ta ajiye tukunyar, sannan na yi sallama.

Da ma na yi shiru. Amma na sami Goggo tana gyangyaɗi a inuwar ɗaki, na ce da ita da muryar da na san za a ji, "Goggo, ki faɗa mata, in so take ta bar mu kamar yadda Baba ya bar mu, to ta ci gaba. Ni na gaji da gwajin banza."

Goggo ta buɗe ido ta ce, "Wannan kam ba zan kai ba. Ai ta ji."

Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki. "Yaya, ki ce masa yunwa ce."

"Ka ji," in ji Goggo. "Yunwa ce."

Na ce kowane mai suga haka yake cewa. A waya na karanta. Daga ranar Inna ta daina taɓa komai sai abin da na auna. Na san haka ne domin Goggo ta shiga yi mini mita, wai na mai da uwata 'yar kurkuku. Lambar kuwa ta ci gaba da hawa. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don na rasa wanda zan zarga. Na fara tunanin ƙoda, na fara tunanin abubuwan da ba na son rubutawa. In na zauna sai in miƙe. Nakan bi gefen babban kanal na ban ruwa da yamma har inda gonakin albasa suka ƙare, in juyo, ban san abin da na je yi ba.

Akwai wata mata mai kitso da take zuwa gidanmu duk bayan mako uku. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, mijinta yana aiki a gonakin tumatir na wajen Kadawa. Ta daɗe a garin, kuma ba ta san wani abu wai shi nauyin baki ba. Ran nan ta gama yi wa Inna kitso, ta same ni a zaure ina goge babur.

"Tica, kana ba Mama abinci kuwa?"

Na ce muna bin ƙa'idar likita.

"Ƙa'ida. To gashinta yana zuba, kitso ba ya kamawa. In na ɗora kanta a cinyata ina jin zuciyarta har ƙafata, kamar injin ban ruwa. Kuma wuyan nan ya fi na bara."

"Wane wuya?"

Ta ajiye jakarta ta dube ni. "Wuya nawa gare ta?"

Na ce ban gane ba.

"Kumburin wuyanta. Kai ba a gidan nan kake ba?"

Goggo ta jiyo mu, ta lallaɓo tana dafa bango. "Maƙoƙo take nufi. Ya kai shekara. Ai kowa ya sani."

"Ni ban sani ba."

"To da wa zai faɗa maka? A zo a ce da kai ga abin da ke wuyan uwarka? Kuma maƙoƙo ciwo ne? Kakata da shi ta yi shekara tamanin, har tana ɗora masa duwatsun ado."

Haka abin yake. Matan da suke shanya tare da ita sun gani, maƙwabta sun gani, Goggo mai yanar ido ta shafa ta ji. Su suna da wuyan, ni ina da lambar. Su ba su ɗauka ya shafi suga ba, ni kuma ban ɗaga kai ba.

Ban iya cewa Inna ta yaye mayafi in duba ba. Na yi ta juya maganar a raina, na kasa. Daga ƙarshe na miƙa wa mai kitso wayata na roƙe ta ta koma ciki. Na ji tana cewa, "Mama, ɗaga haɓa, Tica yana son hoton kitso." Ta fito ta ba ni.

A waya na fara ganin wuyan mahaifiyata. Kumburin bai kai yadda na zata ba, kamar an ajiye rabin lemo a ƙarƙashin fata. Fuskar ce ta tsayar da ni. Kumatun sun faɗa, idanun sun fito sun yi ƙuri kamar na wanda aka firgita. Na yi wata biyar ina riƙe yatsan matar nan kowace safiya.

Kwana biyu na yi ina bincike a waya, na fahimci rabi, rabin ya ƙara rikita ni. Wani shafin ya ce abu ne mai sauƙi, wani ya ce a gaggauta. Ban yarda da kaina ba kuma. Na nemi izini a makaranta, muka shiga mota zuwa wani babban asibiti a Kano, ita a baya tare da Goggo, ni a gaba.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Na buɗe baki zan fara bayani kamar yadda na saba, ta ɗaga hannu. "Bari mai jikin ta faɗa. Mama, a cire hijabin." Na juya na fuskanci bango, inda aka manna hoton huhu. Ina ji tana tambaya.

"Kina jin yunwa?"

"Kullum."

"Ko kin ci?"

"Ko na ci. Kamar an zuba a rami."

"Zafi fa?"

"Ko a sanyi sai na jiƙa zani."

"Barci?"

"Kaɗan."

"Kin faɗa wa wani?"

Goggo ta ce, "Wanda za a faɗa wa ɗin ne ga shi can yana karanta bango."

Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo bayan mako ɗaya. Makon nan bai yi mini sauri ba. Da muka koma likitar ta duba takardar ta ce abin da ta zata ne. Zan faɗi bayaninta yadda na riƙe shi, in na yi kuskure nawa ne. Ta ce a gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da suke kira tayirod, ita take saita saurin da jiki yake aiki. Ta Inna ta wuce ƙima. In haka ta faru, hanji yakan tura suga cikin jini da sauri bayan an ci abinci, hanta kuma ta riƙa zubo nata sugan ko mutum bai ci komai ba. Insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sugan inda za a yi amfani da shi, jiki ba ya jin maganarsa sosai, kuma yana saurin ƙarewa. Mai ciwon suga da ya daɗe lafiya lau sai a ga nasa ya birkice ba dalili. Ta ce ko tsokar ta yi sanyin aiki ma tana iya taɓa suga, amma alamomin wancan daban ne.

Ni dai da gona na fahimce shi, ko da yake watakila misalin bai cika ba. An buɗe ƙofar babban kanal can sama, ni kuma ina cikin fadama da fartanya ina toshe 'yar hanyar ruwa, ina zagin maƙwabci.

Na ce, "Likita, ke nan ba abincin da take ci a ɓoye ba ne?"

Ban san me ya sa na faɗi haka a gaban Inna ba. Ina jin so nake a rage mini laifi.

Likitar ta ce, "Abinci yana da nasa, ba na ce a sake mata buhu ba. Amma jikinta ƙone abinci yake kamar murhu. Kai da za a yi maka abin da aka yi mata, da tukunyar za ka haɗa." Ta rubuta maganin wuyan, ta tsara abincin da ya fi wanda nake aunawa yawa nesa ba kusa ba, har da shinkafa daidai misali. Ta ce in zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zo a dawo da ita a ranar, kada a jira. Sannan ta ƙara wani abin da ya hana ni sakewa. Ta ce yayin da wuyan yake lafawa sugan zai iya sauka, ƙwayar da aka ƙara kuma ta yi mata yawa, har ya faɗi ƙasa da ƙima. Alamarsa gumi, da rawar hannu, da bugun zuciya.

Na ce, "Ai su ne alamomin wuyan."

"Su ne. Shi ya sa za ka gwada. Kuma za ka dube ta. In magana ta fara kauce mata, ko ka ga idonta ya canza, na'ura ba za ta kira ka ba."

Watannin da suka biyo baya ban zauna ba. Lambar ta fara sauka a hankali, ni kuma na koma tsoron saukarta. Sau ɗaya ta yi ƙasa sosai da hantsi, muka ba ta abin zaƙi kamar yadda aka koya mana, muka koma asibiti aka janye ƙwaya ta biyu. Na koyi satar kallo. In na tsuguna gwaji sai in ɗaga labulen kaɗan da gwiwar hannu, kamar bisa kuskure. Ta gane, ina jin, domin ta daina ja da baya, sai dai ta kau da kai. Rawar yatsan ta ragu. Mai kitso ta ce gashi ya fara kamawa. Likita ta ce kumburin ba lallai ya baje duka ba, kuma maganin na dogon lokaci ne, daga baya za a ga ko akwai wani mataki. Har yau muna zuwa.

Abin da ya rage shi ne maganar da na faɗa a tsakar gida. Na daɗe ina shirya yadda za a kai ta. Wata safiya, an fara kawo shansherar rani, na sami Goggo na ce ta roƙa mini gafara wajen Inna.

"Ni na yi murabus," in ji ta. "Da za ka yi zagin ai ba ka jira na kai ba. Ga ɗakin can."

Ta ɗauki sandarta ta fice gidan maƙwabta, da gangan.

Na je na durƙusa a ƙofar. Na ce, "Inna." Na ce na zalunce ta, na bar ta da yunwa, na kira ta abin da ba ita ba. Na ce ban sani ba, sannan na ce rashin sanin ma laifina ne. Na yi ta magana, ina gyara abin da na faɗa, ina ƙara wani, har na rasa inda zan tsaya. Ina jin motsinta, ina jin ƙarar murfin kwano.

Can daga cikin ɗaki ta ɗaga murya wajen inuwar da Goggo take zama, wadda ta san ba kowa a cikinta.

"Yaya, ki ce masa ya tashi ya ba ni hanya, wutata za ta mutu. Kuma ki ce masa ya je ya ba abokin babansa haƙuri. Masara ta nuna, ba wanda ya kawo mana ko ɗaya."

Na matsa gefe. Ta fito da kwano a hannu, ta wuce bayan gida tana tafe tana ci. Ban tabbata ko wannan yafiya ce ba, kuma ba wanda zan tambaya. Na tayar da babur na nufi gonar dattijon.